Mai Gonar Gishiri

A Dasol aka haife ni, inda teku ke shigowa gona
ta kwanta a fakaiku tana jiran rana.
Kakana ya kwashi gishiri, ubana ya kwasa,
ni ma tun ina ɗan bakwai nake jan manjagara.
Da shi muka yi rufin kwano, da shi na yi aure.
Sunana Renante. Shekarata talatin da ɗaya.

Ciwon kai ne ya fara, a ƙeya, da asuba.
Na ce rana ce, na haɗiyi ƙwaya biyu na fita.
Sai takalmin roba ya ƙi karɓar ƙafata.
Sai fitsari ya riƙa kumfa kamar an kaɗa sabulu.
Na tsaya ina kallo, na ja bakina na tsuke
har wata huɗu.

Lorelie ce ta danna ƙaurina da yatsa,
ramin ya ƙi cikowa.
Ba ta ce uffan ba, ta ɗauko jakarta.

A asibiti aka ɗaura mini abin awo,
aka matsa, aka saki, aka koma ɗaya hannun.
Ɗari da tamanin bisa ɗari da goma.
Ma'aikaciyar ta dubi katina, ta dubi fuskata,
kamar a shekarun aka yi kuskuren rubutu.

Dakta Quinto ta zana ƙwayar wake biyu a bayan takarda.
Ta ce, ƙodarka ke nan, rariya ce mai ƙananan idanu,
jininka na dukanta kamar igiyar ruwa a watan guguwa.
Inda ya yage ba ya ɗinkuwa,
abin da ya saura shi za mu tsare.
Ta tambayi sana'ata, na faɗa mata.
Ta ajiye biro ta daɗe tana kallona.

Tun ranar, tulun kifin da uwata ke jiƙawa da gishiri
ya koma bayan ɗaki, an ɗora masa dutse.
Lorelie na matsa lemun tsami a miya, ta daka tafarnuwa da citta,
ta zuba mini ido har in haɗiye lomar farko.
Nakan ce ya yi daɗi.
Ta san ƙarya nake, ta ƙara mini shinkafa.

Ba zan ɓoye ba, a wata na uku na bar shan magani.
Kai ya daina sara, ƙafa ta saɓe,
abokai a bakin tasha suna ce mini tsoho.
Kwana ashirin ina jin kaina garau.
Allurar awo kuwa ba ta san kunya ba,
ta haura inda ta baro, ta ƙara da biyar.

A motar dawowa na zauna kusa da Jomar,
wanda na girme wa da shekara biyu.
Sau uku a mako yake zuwa wankin ƙoda.
Ya naɗe hannun riga ya nuna mini jijiyar da ta kumbura,
ya kama yatsuna ya ɗora a kai,
na ji tana kaɗawa kamar injin kwalekwale.
Gemun ɗan'uwana ne ke ci da wuta,
ba sai an nuna mini inda ruwa yake ba.

Yanzu ƙwayar na kusa da agogo, ƙarfe shida nake sha.
Ko baya zai tsinke ba na taɓa maganin ciwon jiki
sai na tambaya.
Duk wata uku su ɗebi jini, in dawo gida in jira lamba.
Wani zubin ta tsaya cik. Wani zubin ta ɗan gusa,
daren nan ba na barci.

Jiya na cika buhu goma sha huɗu kafin azahar.
'Yata Maricel ta dangwali tsibin ta lasa,
ta miƙo mini yatsa, Baba ɗanɗana.
Na sumbaci goshinta.
Shi ma gishiri ne.